Kasuwar Kurmi da Unguwannin da Baƙi Suka Gina

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato rana na ɗagawa sai a neme shi a rasa. Amma duk wanda ya san tsakiyar birnin Kano ya san cewa wannan karin magana bai kama ƙasa a can ba. Baƙin da suka sauka a bakin Kasuwar Kurmi shekaru aru-aru da suka wuce ba su bushe da hantsi ba. Sun yi gida, sun yi aure, sun bar sunayensu a kan unguwanni, sun kuma bar kalmominsu a bakin mutane da girke-girkensu a cikin tukwane. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, abin da mai ziyara yake gani da abin da yake ci a wannan yanki shaidu ne na tarihi, daidai da kowace tsohuwar takarda, kuma sakaci yana cin su kamar yadda gara ke cin takardar.

Kafin a yi kasuwa a wurin, kurmi ne mai duhu a gefen ruwan Jakara. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala suna girmama wannan kurmi, suna kai masa yanka idan masifa ta taso. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwa a nan, sunan kurmin kuma ya bi ta har yau. A zamaninsa ne aka faɗaɗa ganuwa, aka gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Ina ganin hikimar Rumfa a fili take: ya gane cewa birnin da ba ya bakin teku ba shi da arzikin da ya wuce hanya, hanya kuwa ba ta raya gari sai matafiyi ya sami masauki da amana.

Masaukin nan shi ne ya zama unguwanni. Idan mutum ya ratsa lungunan da ke kewaye da kasuwar yana tambayar sunayensu, zai ga kamar taswirar fataucin Afirka ake karanta masa. Ga Zangon Barebari, inda mutanen Barno suke sauke kayansu. Ga Tudun Nufawa, mazaunin mutanen ƙasar Nufe da suka yi suna a saƙa da ɗinki. Ga Ayagi, unguwar Yarbawa tun kafin a yi mafarkin wata ƙasa mai suna Nijeriya. Ga Sharifai, waɗanda ke danganta asalinsu da zuriyar Shehu Magili. Ga Alfindiki, sunan da ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Akwai kuma Dandalin Turawa, wanda sunansa kan ruɗi yaran zamani, domin Turawan da ake nufi Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, waɗanda aka kira da wannan suna tun kafin mutanen Ingila su iso.

Amana kuwa wani baƙo ne ya bar mana shaidarta. Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824, ya kuma yi mamakin tsarin kasuwar. Ya bayyana cewa idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi ya tafi da shi har Barno, sannan ya kwance ya tarar da aibi, yana iya mayar da shi, dillalin da aka rubuta sunansa a cikin ƙunshin kuma dole ne ya nemo mai kayan a biya kuɗin. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Gishiri da kanwa suna shigowa a bayan raƙuma, goro yana zuwa daga Gwanja a bayan jakuna, jar fatar akuya tana ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda ake kiranta fatar Maroko. Sai dai tarihi ba kirari ba ne. A cikin wannan kasuwa akwai sashen da ake sayar da bayi, kuma wani ɓangare na dukiyar da ta gina manyan soraye daga hawayensu ya fito. Cinikin ya tsaya ne bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a 1903. Jikokin waɗanda aka sayar su ma Kanawa ne a yau, su ma baƙi ne da suka gina birnin, ko da yake ba da son ransu suka zo ba.

Duk lokacin da na shiga Kurmi, wurin masu kayan doki nake fara tsayawa. Sirdi da linzami da likkafa, duka ukun kalmomin Larabci ne da harshen Hausa ya tauna ya mai da su nasa. Idan Sallah ta ƙarato, nan ne bayin sarki da hakimai suke zuwa neman adon da za a gani ranar Hawan Daushe. Gaba kaɗan ga dukawa suna yanka fata suna ɗinka jaka da titimi da kuben wuƙa. Ga masu turaren wuta da humra, ga masu ƙorai da faifai, ga rumfunan littattafan addini inda almajiri ke samun allo da tawada da Ahalari. Lungunan ƙunci ne da su, mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace, mai kura kuma yana tafe yana neman hanya. Wanda ya ƙara taku zuwa Ƙofar Mata zai tarar da karofi, inda marina ke tsoma zane a ruwan baba da toka, mabuga kuma suna dukansa har ya yi sheƙi. Ramukan da ake aiki da su ba su kai waɗanda suka cike da shara ba.

Abincin yankin ma haka yake ba da labari. Jakara ta yi suna da gurasa, wadda mata ke gasawa a cikin tanderu tun da asuba. Alkamar da ake kwaɓawa, da tanderun, da gurasar kanta, duk sunayensu daga Larabci suke. Amma da gurasa ta zauna a Kano sai aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe, abin da ba a san shi a Tarabulus ba. Haka alkaki, wanda amarya ke tafiya da shi gidan miji a cikin gara tare da nakiya da dubulan. Da rana Fulani mata suna dama fura da nono a gefen hanya, da yamma hayaƙin tsire ya tashi. A ganina, kwanon bandashe ɗaya ya isa ya koya wa ɗalibi yadda Kano take karɓar baƙon abu, ta sa masa gishirinta, ya koma ɗan gida.

Abin da ya rage wa Kurmi ƙarfi shi ne sauyin hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya baya ga Sahara ya fuskanci teku. Gyaɗa ta zama sarauniyar kaya, kantunan kamfanoni suka taru kusa da tasha, a wajen ganuwa. Daga baya Kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari da Dawanau suka ɗauke manyan cinikayya. Ruwan Jakara da kakanni suke tsoro ya koma magudanar dagwalo, har aka rufe wani sashensa da kankare aka shimfiɗa titi a kai. Ganuwa tana zaizayewa, ana yanka filaye a jikinta, zanen da aka buga a masana'antun ƙetare kuma ya fi na marina araha.

Ba na cikin masu son a mai da Kurmi gidan kallo, a bar mazaunanta cikin ƙuncin lungu da rashin magudanar ruwa domin masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto. Kasuwa da ciniki take rayuwa. Abin da nake kira a kai shi ne a gyara ba tare da an shafe ba: a rubuta tarihin unguwanni daga bakin dattawansu tun suna da rai, a kafa allunan da ke bayyana ma'anar sunayensu, a kai ɗaliban makarantu su ga karofi da idanunsu, masu hali kuma su riƙa sayen aikin dukawa da marina domin 'ya'yansu su ga dalilin gadon sana'ar. Yaron da ya san cewa Ayagi da Zangon Barebari sun girmi Nijeriya da wuya wani ya zuga shi ya ɗauki maƙwabcinsa a matsayin bare. Wannan darasi Kano ta koya shi tun zamanin Rumfa, kuma ƙasarmu tana bukatarsa a yau fiye da yadda take bukatar sabon kanti.