Farar Samaniya, Shuɗiyar Samaniya: Yadda Kyamara Ta Riƙa Ganin Kano

Duk wanda ya jera tsofaffin hotunan Kano bisa shekarunsu zai lura da wani abu. A hotunan farkon zuwan Turawa, samaniya fara ce fat, kamar takardar da ba a taɓa rubutu a kanta ba. A yawancin hotuna masu launi da suka biyo baya kuwa, sai ta koma shuɗiya kamar an tsamo ta daga karofi. Samaniyar ɗaya ce, kayan aikin ne suka sauya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma kafin a karɓi hoto a matsayin shaida, ya kamata a san ta wane gilashi haske ya bi kafin ya zama hoto.

Shahararren hoton Kano na farko da ya isa Turai zane ne na hannu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo birnin a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dutsen Dala, ya zana abin da ya hango: gidajen ƙasa, itatuwa, da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari. An ƙirƙiro ɗaukar hoto tun 1839, amma kayansa na lokacin sun yi nauyi da wuyar sha'ani ga mai keta Sahara a bayan raƙumi.

Kyamara ta zauna da gindinta a Kano ne bayan da sojojin Ingila suka ci birnin a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Turawa ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun kafa mazauninsu a gabas, a Nassarawa, inda sarakunan Kano ke da gidan hutawa. A nan ne Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa yana nan har yau. Daga baya dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, tare da barin filin da ba a gini a tsakani. Daga wannan unguwa mai faɗin filaye ne jami'ai da baƙinsu suke fita da kyamara su nufi ganuwa, da Kurmi, da Dala. Akasarinsu ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai, amma hotunansu su ne suka zama kundin tarihin birnin.

Farar samaniyar hotunansu tana da dalili a kimiyyance. Sinadarin da ake shafa wa farantan gilashi da fim na farko ya fi jin shuɗin haske, ba ya jin ja sosai. Saboda haka shuɗin sama yakan cika shi har ya ƙone, ya fito fari, gajimare ya ɓace a ciki, jar ƙasar gine-gine kuwa ta fito da duhu fiye da yadda ido ke ganin ta. Da aka samu fim mai jin dukkan launuka, sai masu hoto suka riƙa ɗora rawayan gilashi a bakin kyamara domin ya dusashe shuɗin, gajimare ya bayyana.

A wannan zamani ne aka fara kallon Kano daga sama. Jiragen saman sojan Ingila guda uku sun taso daga Masar suka sauka a wani filin wasan dawaki na Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925. A tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931, matuƙin jirgi ɗan Suwizalan Walter Mittelholzer ya ɗauki birnin daga sama, kuma hotunansa suna ajiye a birnin Zurich. Mai duba irin waɗannan hotuna zai ga kududdufai birjik a tsakanin unguwanni, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, damina ta cika su.

Zuwan fim mai launi ya kawo sabuwar matsala. Kamfanin Kodak ya fitar da Kodachrome a 1935, kuma da shi rawayan gilashi ya daina amfani, domin zai rine hoton gaba ɗaya. Abin da ya cike gurbin shi ne gilashin kashe ƙyalli, wanda masu sana'a ke kira folaraiza. Tushen iliminsa ya girmi ɗaukar hoto. A 1808 Bafaranshe Étienne-Louis Malus ya kalli hasken yamma da ke dawowa daga tagogin wata fada a Paris ta cikin wani dutse mai ƙyalli, ya ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa idan ya juya dutsen. Ba'amurke Edwin Land ne ya mayar da wannan ilimi siririn fefe mai araha a ƙarshen shekarun 1920, sannan ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Yadda gilashin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Hasken rana yana tafiya yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan ya bugi ruwa, ko gilashi, ko ganye ya dawo, ko ya warwatsu a cikin iska mai tsabta, sai mafi yawansa ya koma kaɗawa ta fuska guda. Folaraiza kamar asabari take: karan da ya zo daidai da tsagarta zai wuce, wanda ya zo a gicciye zai tsaya. Mai hoto yana juya ta a hankali har ta tare wannan haske mai fuska guda. Nan take ƙyallin ruwa ya kau, ganye ya yi kore shar, sama ta yi duhu. Ladan aikin kuwa shi ne tana cinye fiye da rabin hasken da zai shiga kyamara.

Aikinta a sama ya fi ƙarfi a ɓangaren da ya yi kusurwar digiri 90 da rana. Idan mutum ya nuna rana da manuniya ya miƙe babban yatsa, duk inda babban yatsan ya kewaya nan ne wurin. Da hantsi ko la'asar sakaliya, mai fuskantar arewa ko kudu zai ci riba, mai fuskantar rana ko mai ba ta baya ba zai ga sauyi sosai ba.

Sai dai Kano tana da nata sharaɗin, wato hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi. Ƙwayoyin ƙura sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, suna watsa haske ta ko'ina, sai tsarin kaɗawarsa ya rikice. A ranar hazo, komai juya gilashin, sama ba za ta yi shuɗi ba. Lokacinsa shi ne bayan ruwa ya wanke sararin, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Ke nan shuɗiyar samaniyar da ake gani a kalanda da katin gaisuwa ta wasu watanni ce kawai, farar kuwa wani lokaci laifin fim ce, wani lokaci gaskiyar hunturu ce.

Gilashin yana bayyanawa, yana kuma ɓoyewa. A bakin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana iya nuna duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa mara zurfi. A marinar Ƙofar Mata yana kawar da hoton sama daga fuskar karofi, ainihin launin baba ya fito. Amma idan aka nufi rawani ɗan Kura da shi, wanda mabuga suka sha wahala kafin ya yi sheƙi, yana iya rage sheƙin, alhali sheƙin ne mai saye ya biya. Hoton zai yi kyau, amma ya tauye sana'ar.

A nan ne wannan tarihi ya shafi mai ɗaukar hoto na yau. Abubuwan da gilashin ya fi yi wa aiki, wato ruwa da ganye da buɗaɗɗen sarari, su ne Kano take rasawa. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ta zaizaye a wurare da dama. A Nassarawa kanta, manyan filayen da ke kan titunan Alu da Sultan da Lamido ana yanka su, ana sare darbejiya da maɗaci da mangwaron da suka yi musu inuwa, benaye da kantuna suna maye gurbinsu. Saurayi ko budurwar da ta fita da kyamara ko waya bayan ruwan Agusta tana yin aikin da jami'an Nassarawa suka yi ba tare da sun sani ba, bambancin kawai yanzu masu garin ne ke riƙe da kyamarar.

Manhajar waya tana iya shafa wa kowace samaniya shuɗi, amma abin da ƙyalli ya rufe a ƙarƙashin ruwa, in kyamara ba ta ɗauke shi ba, sai dai manhaja ta ƙago shi. Shi ya sa folaraiza ba ta tsufa ba. Shi ya sa kuma ya kamata kowane hoto ya tafi da bayaninsa: wuri, rana, lokacin shekara, da ko an sa gilashi ko an gyara launi. Wanda zai buɗe hoton bayan shekara hamsin yana neman sanin inda kududdufin unguwarsu yake, ko irin itacen da ke ƙofar gidan kakansa, wannan ɗan bayani ne zai gaya masa iyakar abin da zai gaskata.