Ƙudan dutse: Ƙwaron da ke shaidar tsabtar ruwan kogi

Ƙudan dutse wani ƙwaro ne da ke shafe mafi yawan rayuwarsa a ƙarƙashin duwatsun cikin kogi, kuma masana kimiyya suna ɗaukar samuwarsa a matsayin shaidar cewa ruwan wurin yana da tsabta.

Wannan batu ya shafi yankuna irin su Birnin Kudu da Gwaram a kudancin jihar Jigawa, inda jama'a suka dogara da koguna wajen noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi.

Suna da dangi

Sunan ƙudan dutse ya samo asali ne daga yadda ake yawan ganin ƙwaron a kan duwatsun bakin ruwa. To amma a wurin masana, shi ba ƙuda ba ne.

Ƙuda da sauro fukafukai biyu gare su, shi kuwa yana da huɗu, waɗanda yake kwantar da su a gadon bayansa idan ya sauka. Danginsa na kusa su ne fara da kyankyaso da gara.

A shekarar 1839 ne wani masani Bajamushe, Hermann Burmeister, ya laƙaba wa wannan rukuni sunan Plecoptera, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin saƙa da kuma fiffike.

An gano nau'o'insa fiye da 3,500, kuma ana samun su a kowace nahiya ban da Antatika. Burbushinsa da aka tono a cikin duwatsu ya nuna cewa ya haura shekara miliyan 250 a doron ƙasa.

Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai Arctoperlaria, wanda ya fi yawa a arewacin duniya, da kuma Antarctoperlaria da ake samu a Kudancin Amurka da Ostareliya da New Zealand.

Matsayinsa a cikin ƙwarin ruwa

Ƙwarin ruwa su ne waɗanda ke yin wani ɓangare na rayuwarsu, ko ma dukkanta, a cikin ruwa.

Ga wasu rukunoni huɗu da kusan dukkan 'ya'yansu ke tashi a cikin ruwa: ƙudan dutse, da mazari, da Ephemeroptera waɗanda manyansu ba su cika wuce kwana ɗaya ko biyu a raye ba, sai kuma Trichoptera waɗanda tsutsotsinsu da dama ke gina wa kansu ɗaki da yashi ko tsinkaye.

Sauran sun haɗa da wasu daga cikin dangin ƙuda, kamar sauro, da wasu dangin buzuzu da na kuɗin cizo.

Ana gane ɗan ƙudan dutse da jela biyu masu kama da zare, da kuma farce biyu a kowace ƙafa. Ɗan Ephemeroptera kuwa galibi jela uku gare shi da farce ɗaya.

Ɗan ƙudan dutse ba ya zama tsutsa kamar na sauro. Yana ƙyanƙyashewa ne da kamannin iyayensa, sai dai babu fukafukai, ya yi ta saɓa har ya girma. A wasu nau'o'in hakan kan ɗauki shekara ɗaya, a wasu kuma har uku ko huɗu.

Daga nan sai ya fito daga ruwa, ya yi saɓar ƙarshe, ya rayu na 'yan makonni. A nau'o'i da dama, namiji kan buga cikinsa a kan reshe ko ganye domin kiran tamata, ita kuma ta amsa masa.

A nahiyar Afirka

Ƙudan dutse ya fi son ruwa mai sanyi, shi ya sa ba shi da yawa a ƙasashe masu zafi.

A Afirka ta Yamma, har da Najeriya, jinsi ɗaya ne kawai aka sani, wato Neoperla, wanda 'ya'yansa ke farautar ƙananan ƙwarin ruwa.

A shekarar 1952, masani H.B.N. Hynes ya yanke hukuncin cewa dukkan na Afirka nau'i ɗaya ne mai suna Neoperla spio. Amma a shekarar 2023, Peter Zwick da Andreas Zwick sun wallafa wani nazari da ya yi amfani da ƙwayoyin halitta, inda suka nuna cewa nau'o'in sun haura 80.

Kogunan kudancin Jigawa

Kogin Bunga, wanda ake kira Jama'are daga gaba, ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa yankin Gwaram, kafin ya haɗu da kogin Haɗejiya su nufi tafkin Chadi.

Kamar sauran kogunan yankin, yakan cika ya batse da damina, sannan ya ja baya sosai da rani, ya bar yashi da ƙananan kududdufai.

Wannan yanayi ya fi dacewa da mazari da sauro, domin ƙudan dutse yana buƙatar ruwa mai gudu a kan duwatsu ko tsakuwa, mai wadatacciyar iskar shaƙa. Saboda haka masu bincike kan fi nemansa ne a mashigai masu duwatsu, da kuma can sama wajen mafarin kogi.

Wannan ne ya sa rashinsa a kogi mai yashi ba ya nufin ruwan ya gurɓata. Abin damuwa shi ne ya ɓace daga inda a da ake samunsa.

Ma'aunin tsabtar ruwa

Masana kan ƙirga nau'o'in ƙudan dutse da Ephemeroptera da Trichoptera a wuri guda domin auna lafiyar kogi, saboda su ne kan fara ɓacewa idan maganin feshi ko taki ko dagwalo ya shiga ruwa. Laka da ke toshe tsakanin duwatsu ita ma tana korar su.

Hanya ce mai arha, domin raga da faranti da gilashin ƙara girma sun isa a fara aikin. Haka kuma, gwajin ruwa a ɗakin bincike yana nuna halin da ake ciki ne a ranar da aka ɗebo shi, alhali ƙwarin suna nuna abin da ya faru cikin watanni.

An ga amfanin wannan a yaƙi da cutar makantar kogi, wadda wani baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa.

Tsakanin 1974 da 2002, wani shiri da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe 11 na Afirka ta Yamma ya riƙa fesa magani a koguna domin kashe tsutsar wannan ƙuda. Masana sun riƙa sa ido a kan sauran ƙwarin ruwa, ciki har da Neoperla, domin tabbatar da cewa maganin bai hallaka abincin kifi ba.

Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da shirin ya shafa, kuma a watan Janairun 2025 hukumar ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da yaɗuwar cutar.