Sanin Jirgi Tun Kafin Ya Iso Tasha

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja, musamman matasa, in an ambaci jirgin ƙasa ba abin da ke zuwa musu a rai sai na Abuja zuwa Kaduna. Alhali kuwa garinmu Ƙauran Namoda shi ne ƙarshen dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso mana a shekarar 1929, shekara 18 bayan dogo ya shiga Kano a 1911. Gyaɗa da auduga ne suka jawo shi. Tare da shi kuma wani ilmi ya shigo da ba a koyarwa a makaranta, wato sanin jirgi tun yana nesa.

A Ingila wannan sani sha'awa ce zalla. A 1942 wani matashi ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai ɗauke da lambobin kawunan jiragen kamfanin Southern Railway. Yara suka riƙa tsayawa a bakin tasha, duk lambar da suka gani ta wuce sai su ja mata layi a littafin. A wurinmu kuwa, a wancan zamani, batu ne na abinci. Ɗan dako da mai tallan tasha da dillalin gyaɗa, kowa na bukatar sanin ko na fasinja ne ke tafe ko na kaya, don kada ya yi sammakon banza.

Kunne ke fara ba da labari. Kan jirgi mai aiki da gawayin Inugu, mai silinda biyu, yana furzar da tururi sau huɗu a kowane zagayen ƙafa. Saboda haka in aka ji numfashin nan a hankali, da nauyi, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe, to kaya ya jawo masu yawa ko kuma hawa yake. In kuwa bugun ya yi sauri har ya sarƙe, nauyin kaɗan ne. Sai kuma ƙarar ƙafafu a mahaɗar ƙarafa, wadda mai haƙuri ke iya ƙirga taragai da ita ko da cikin duhu.

In ya matso sai ido ya karɓa. Masana suna rarrabe kawunan jirgi ta ƙirga ƙafafu. Shahararren samfuri a Nijeriya shi ne wanda aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948, ƙirar kamfanonin Vulcan Foundry da North British. Ana rubuta tsarinsa 2-8-2: ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja a tsakiya, biyu a baya. An laƙaba wa kowanne sunan wani kogi, an manna sunan a jikinsa, har aka san dangin duka da sunan "River". A ganina wannan dabara ta fi lamba armashi, domin mutum ya fi riƙe suna.

Shekarar 1955 ta kawo sauyi biyu: an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka kuma fara shigo da kawuna masu shan dizal na kamfanin English Electric. Wannan gurnani yake yi bai ɗaya, ƙaho ya maye gurbin usur, sai tsohon ilmin ƙirga numfashi ya fara dusashewa. Abin da ya rage shi ne siffar goshi da launin fenti da lambar da ke gefe.

Akwai kuma alama guda da ke ƙasa, ba a jikin jirgi ba. Faɗin dogon da ya zo Ƙaura milimita 1,067 ne, kamar mafi yawan na zamanin Turawa. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435 ne. Ke nan jirgin da 'ya'yanmu suka sani a Rigasa, ko an ɗauko shi an kawo, ƙafafunsa ba za su zauna a kan dogon garinmu ba.