Me ya kashe Basam: shawara ko tashar jirgi?

Wani mai karatu daga Tawa, wanda ya daɗe yana zuwa biɗa Abijan kamar sauran samarin Adar, ya aiko da tambaya. Ran Lahadi, in ji shi, sukan yi tafiyar kilomita 40 zuwa Grand-Bassam shan iskar teku. A unguwar da ake kira Quartier France sai ya ga benayen Turawa sun zama kango, itatuwa sun huda rufinsu, alhali kusa da su otal-otal ne da masu sayar da zane da sassaƙa. Me ya sami garin?

Amsar da masu yi wa baƙi jagora ke bayarwa ɗaya ce: zazzaɓin shawara. Da gaskiyarsu, amma rabi. A 1893 Faransa ta ayyana Kwaddibuwa a matsayin mallakarta, ta ajiye gwamna a Basam. Gwamnan farko shi ne Louis-Gustave Binger, Baturen da ya taso daga Bamako a 1887 ya iso Basam a 1889, har ya ratsa Salaga inda fataken Hausawa ke lodin goro. A 1899 annobar ta auka wa garin, ana cewa cikin Turawa 60 guda 45 suka mutu. Gwamnati ta kwashe komatsanta ta hau tudu, aka raɗa wa sabon mazaunin suna Bingerville a 1900. Wasu littattafai na rubuta 1896, amma wannan bai zauna ba: ba a gudun cuta shekara uku kafin ta zo.

Abin da masu jagorar ke tsallakewa shi ne gwamna ne ya tashi, kasuwa ba ta tashi ba. Gaɓar nan ba ta da mafakar jirgi, igiyar ruwa kuwa ta sha kifar da kwale-kwale da kaya. Don haka aka gina gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku, ta nan ake fitar da katako da manja zuwa jiragen da ke tsaye can nesa. Duk mai son ciniki dole ya zo Basam, shawara ko ba shawara. Gine-ginen ma shaida ne. Babbar kotu a 1911 aka gina ta, hasumiyar fitilar jirage kuma wajen farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk bayan annobar. Garin da ya mutu a 1899 wa zai yi masa wannan ɓarnar kuɗi?

Ni a ganina bugun farko ya zo ne a 1931, da aka buɗe wata gadar a Port-Bouët, dab da Abijan inda layin dogo yake. Na ƙarshe ya zo a 1950, da aka gama haƙa mashigin Vridi, manyan jirage suka shiga tabkin Ébrié kai tsaye. Wannan mashigi da ya rufe kasuwar Basam shi ne ya bunƙasa Abijan ɗin da ke jan Adarawa har gobe.

Kafin nan garin ya ga wata rana. A 24 ga Disamba 1949 mata suka yo tattaki daga Abijan, cikinsu har da Marie Koré, suna neman a saki shugabannin jam'iyyar PDCI-RDA da ke kurkukun Basam. A kan gadar shiga unguwar Turawa aka tare su da mesar ruwa da duka. Ita ce yau ake kira Gadar Nasara, kuma ta kanta mai tambayarmu ya bi ya isa bakin ruwa.

Sauran labarin gajere ne. Fadar gwamna ta koma gidan adana tufafin gargajiya, UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2012, ƴan bindiga suka kashe mutum 19 a bakin tekun ranar 13 ga Maris 2016, daga baya masu wankan Lahadi suka dawo.