Wa Ya Ɗauki Wannan Hoton?

Duk wanda ya karanta Hausa a makarantun Arewa ya san Mu'azu Haɗeja. Malamin makaranta ne, ya rasu a 1958, amma har gobe in aka rera waƙarsa ta giya ko ta ilmin zamani, ba a rasa mai cewa ga mai ita, ga garinsu. Al'ada ce ta tsare masa suna. Marubuta waƙa tun na ƙarni na 19 sun saba rufe waƙa da sunansu, su ɗaure shekara cikin ramzi. Mai kwafa da alƙalami in ya gama sai ya sa nasa sunan a ƙasa, ya roƙi addu'a, na mai waƙar kuwa ya bar shi inda ya same shi. A zauren karatu ma malami cewa yake, na karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Cikin wannan tarbiyya na tashi a Haɗeja, shi ya sa halin da sana'ar bidiyo ta koya mana yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Da kwafe aka yi wa bidiyo wankan jego a ƙasar nan. Kaset ɗin Indiya da na Cana muka fara gani, kwafin kwafi, hoto na rawa, murya na shaƙewa, ana sarowa daga Ƙofar Wambai a Kano zuwa gidajen kallo na Haɗeja da Malam Madori. Ba wanda ya damu da wanda ya shirya. Jarumi kaɗai muka sani, shi ma da laƙabin da muka raɗa masa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a 1999 mujallar Tauraruwa ta sa wa masana'antar suna Kannywood, rawa da waƙa suka zama jarin fim. Nan wankiya ta yi ƙarfi: a ɗauko labarin fim ɗin Indiya, a sa masa kaftani da atamfa, a juya karin waƙarsa, sannan a rubuta a ƙarshe cewa labari na wane ne, ko ambaton Bombay babu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin finafinai da dama ya nuna daga inda aka wanko kowanne.

Ni ban ɗauki aro laifi ba. Akwai mawaƙan bege a Kano da suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya, suka kira kansu Ushaƙu Indiya. Sunansu kaɗai ya gaya maka inda suka samo karin, ba su ɓoye wa kowa ba.

Reshe bai daɗe ba ya juye da mujiya. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba memori wuri, 'yan tura fim suka kafa teburi da kwamfuta a kowace tasha, suna zuba wa mutum finafinai a waya da 'yan canji. Kasuwar faifai ta durƙushe. Masu shirya fim suka yi ta kukan satar fasaha, daga baya da yawa suka koma YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So. Can ma ba su tsira ba, ana yanka fitowa guda, a rufe tambarin mai shi, a ɗora a wani shafi.

Su dai suna da ƙungiya, suna da murya. Wanda nake tausaya wa shi ne ƙaramin mai ɗaukar hoto na fadamarmu. A damunar 2022, da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shiga Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, wani ƙanena mai ɗaukar bikin aure ya shiga kwalekwale da kyamararsa, ya ɗauko gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, da mata ɗauke da kaya a ka, ruwa iya ƙirji. Kafin a jima bidiyon ya zaga Facebook da WhatsApp ɗauke da tambarin wasu, an ɗora masa kiɗan tausayi. Wani ma ya rubuta cewa a wata jiha abin ya faru. Wannan ya fi yi mini ciwo. Da aka cire sunan yaron, sunan ƙauyen ma ya tafi, mai niyyar kai taimako bai san inda zai nufa ba, ɗan jarida bai san wanda zai tambaya ba. Mu da rayuwarmu ta rataya a kan ruwan da ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa, da kachallar da ke toshe hanyoyin ruwa, irin wannan hoto hujja ce a hannunmu, in dai an san wanda ya ɗauka da ranar da wurin.

Na ce masa, "Ƙanena, ka yi magana mana." Ya ce, "Yaya, na rubuta wa ɗaya, cewa ya yi ai tallata ni yake." Tallan da babu sunanka a ciki, wa zai neme ka aiki ta dalilinsa?

Doka tana bayansa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta tabbatar wa mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa, ta kuma ba shi damar neman a sauke aikinsa daga intanet in an ɗora ba da izini ba. Sai dai irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, mai ɗaukar biki kuwa ba zai bar aikin Asabar ya tafi Dutse neman lauya a kan bidiyon minti biyu ba. Abin da ya nema bai wuce layi ɗaya a ƙarƙashin hoton ba, a ce wane ya ɗauka, a gari kaza, rana kaza. Tun daga lokacin, duk abin da zai ɗauka a fadama sai ya fara faɗin sunan ƙauyen da kwanan wata da bakinsa, sunansa kuma a tsakiyar hoto yake sa shi, inda in an yanke to an ɓata aikin.