Talaka: Ma'anar Kalmar, Furucinta da Asalinta

Talaka, jam'i talakawa, kalma ce da Hausawa ke kiran mutumin da ba ya riƙe da sarauta kuma bai fito daga gidanta ba. Wannan ita ce tsohuwar ma'ana. Ta biyu, wato marar abin hannu, ita ta fi yawo a bakin mutane yau, har wasu na ɗauka ita kaɗai ce. A tsarin gargajiya kuwa, attajiri mai rumbuna da raƙuma talakan sarki ne muddin ba a naɗa masa rawani ba, ɗan sarki kuma ko rigarsa ta yage ba a ce masa talaka. M. G. Smith ya bayyana wannan rabo na sarakuna da talakawa a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960.

Gaɓar farko ana ɗaga murya a kanta, biyun da ke biye ana sauke ta. A jam'i kuwa dukkan gaɓoɓin sama suke, ana jan "ka" da "wa". Baƙin gaɓa ta uku k ne, ba ƙ ba.

A kan asali ne aka rabu. Wasu malamai na jingina ta ga Larabci, daga tushen da ya ba mu "ɗalaƙi", wato saki, suna cewa talaka shi ne sakakke, wanda ba bawa ba. Bayanin yana da daɗin ji, amma furucin bai goyi bayansa sosai ba: da daga nan ta zo kai tsaye, da ɗ da ƙ za mu ji, kamar yadda muke ji a ɗalaƙi. Wasu na cewa daga Barebari ta shigo, domin suna da "talaga" da wannan ma'ana, kuma daga Borno Hausa ta karɓi galadima da ciroma da yarima. Kaso na uku na duban Abzinawa, waɗanda ke da "talaƙƙe" ga marar ƙarfi da ke ƙarƙashin kariyar wani. Wannan ra'ayi ya fi nauyi, don "ta" a farkon suna alamar jinsin mace ce a harsunan Abzinawa da danginsu, kalmar kuma ta zauna daram a ginin harshensu. Zabarmawa na cewa "talka", Yarbawa na cewa "talaka".

Abin da babu gardama a kansa shi ne daɗewarta a Hausa, kuma shaidar tana cikin kalmar talauci. Asalinta "talak-ci". Akwai tsohon sauyin furuci da ya mai da k na ƙarshen gaɓa ya koma u, wanda masanin Jamus August Klingenheben ya bayyana, shi ya sa ake cewa ɓauna amma jam'inta ɓakane. Tunda talauci ya bi wannan hanya, talaka ta riga sauyin shiga harshen. Daga nan matalauci da talauta suka tsiro, su ne suka ɗauki nauyin ma'anar rashi.

Siyasa ce ta ba kalmar sabon ƙarfi. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta gina kiranta a kan talakawa da masu sarauta, Malam Aminu Kano kuma ya ci gaba da haka a jam'iyyar PRP daga 1978. Tun lokacin mutum kan kira kansa talaka da alfahari.

A gabas, kalmar ta bi fatake da maniyyata zuwa Fort-Lamy a Chadi, garin da Faransawa suka kafa a 1900 aka mai da shi Injamena a 1973. Amma a unguwanninsa irin su Sabangali da ke gaɓar kogin Shari, Larabcin Chadi ne harshen kasuwa, kuma kalmarsa ta marar ƙarfi ita ce "miskin", jam'i "masakin". Hausa ma tana da miskini da faƙiri daga Larabci, sai dai waɗannan na sadaka da zakka ne. Ana ba miskini, ana mulkin talaka.