Binciken Hawthorne: Kulawa Ce Ko Kuɗi?

Jama'a, tunda ana ta surutu kan lalacin ma'aikata, bari in tuna mana wani tarihi.

A 1924 aka fara gwaji a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago a Amurka. Aka ƙara hasken fitilu, aiki ya ƙaru. Aka rage hasken, abin mamaki aikin bai ragu ba. A 1927 aka ware mata biyar a ɗaki guda, ana ba su ɗan hutu, ana jin ta bakinsu. Aikinsu ya ƙaru. Elton Mayo na makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard ya ce sirrin kulawa ce: ma'aikaci in ya ga an san da zamansa, yakan dage.

Amma fa da sauran magana. An sauya tsarin biyan matan, an kuma canza biyu daga cikinsu a 1928. A 2011 Steven Levitt da John List suka sake duba alƙaluman fitilun, suka ga tasirin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ni dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da na fahimta shi ne kulawa tana da rana, amma ba ta maye gurbin albashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.